Waƙar da Na Yi a Bayan Rumbu

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba na jin zan manta da wani hantsi na damina a Karakkai. Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Ni 'yar Sabon Garin Gusau ce, a can na tashi, a can na yi wankan jegon ɗana na fari. Bayan na gama, aiki ya ɗauke maigidana zuwa nesa, aka ce in je ƙauyen Karakkai in zauna wajen mahaifiyarsa, Inna, har ya dawo. Kafin in tafi yayata ta ja min kunne. Ta ce mutanen gidan nan suna da kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka ma sai an ce ta ɗauke shi. Ni kuwa da son a yabe ni, na riƙe abin har na fi masu shi. Sunan yaron Mustafa, amma a bakina ya koma "yaron can". In ya yi min dariya da dasashinsa sai in kau da kai in kama tsintar shinkafa. Ba a jima ba Inna ta fara alfahari da ni a wajen maƙwabta, tana cewa ba ta taɓa ganin 'yar birni mai kunya irin tawa ba.

Ana nan sai kurajen kunzugu suka fito wa yaron. Zafin damina ne ya haɗu da kunzugun leda da na zo da shi daga Gusau. Matsematsinsa da ɗuwawunsa suka yi jajir, fitsari na taɓa wurin sai ya canyara kuka. Mai hankali da sai ta kai shi gaban Inna. Ni sai na tsaya lissafi: in na nuna damuwa, ai an gane ina sonsa, sunan da na yi ya tafi. Haka na bar fatar jariri tana saɓa saboda kada a daina yabona.

A ɓoye na kira wata ƙawata ma'aikaciyar jinya. Ta ce in riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi ba sabulu, in dangwala tsumma mai laushi har ya bushe, kada in goga. In shafa man kaɗanya, in rabu da hoda, in canza kunzugu da zarar ya jiƙe. Babban maganin, in ji ta, iska ne: a bar shi tsirara ya sha. Ta ce in ya fara ruwa ko zazzaɓi ya shigo, in daina wayo in tafi asibiti.

To ina zan shanya jariri ba a gan ni ba? Sai na gano wani lungu a bayan rumbunan gidan, tsakanin danga da wata bishiyar zogale. Ba mai zuwa wurin sai kaji. Kullum da hantsi, in Inna ta shiga harkar fura, sai in ce za ni shanya, in saɓi yaron kamar dole aka yi min.

Wurin nan ya ɓata ni. Ta saman danga kana hango gero kore shar yana kaɗawa har inda ido ya tsaya, ƙasa na ƙanshin ruwan jiya, inuwar zogale na yawo a kan cikin yaron. Ina shimfiɗa zani in kwance masa kunzugu, shi kuma ya hau harba ƙafafu kamar an sake shi daga kurkuku. Duk son da na tara tun safe a nan nake zazzage shi.

Ranar da abin ya faru na wanke shi, na shafa man, na kwanta rub da ciki ina hura masa iska da bakina. Gajimare na tafiya a hankali, ni ma hankalina ya bi su. Na ga Mustafa ya girma, ya zama matuƙin jirgi, ya ɗauke ni zuwa Makka, ya zaunar da ni kusa da taga. Na ga gidan da zai gina min, har na zaɓi launin labule. Ban san lokacin da na fara waƙa ba, da muryata irin ta tsohuwar ƙofa.

"Mustafa nawa ni kaɗai, mai jirgi, mai jan ɗuwawu, warke mu tafi Makka."

Na sumbaci tafin ƙafarsa na dama, na ce na hagu ya yi haƙuri, layi ake bi. Na tashi a kan gwiwoyi ina rausaya kafaɗa. Daidai nan mai jirgi ya saki fitsari, ya yi sama ya sauko min a goshi. Maimakon in kauce, sai na ce, "Ƙara, ɗan albarka, turaren uwarka ne."

Sai na ji an yi gyaran murya.

Na juya. Inna ce tsaye a tsakanin rumbuna, bayanta ƙannenta mata da suka zo daga Bilbis ganin jariri, da mayafansu da ƙoƙon tsaraba. Daga baya na ji cewa tun daga zaure take ba su labarin kunyata. Ban san tun yaushe suke tsaye ba, amma ƙaramar cikinsu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuma ga ni durƙushe, ɗankwali a ƙasa, fitsari na ɗiga daga haɓata.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Inna, yaron can ne ya yi kuka."

Yaron can kuwa yana ta ɓangala dariya.

Babbar ta ce, "Yaya, wagga ta mai kunyar? To Allah Shi sa a tahi da mu Makkan."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce su koma ɗaki tana zuwa. Ta zauna a bakin zanin, ta ɗaga ƙafafun yaron ta duba wurin da kyau. Jan ya fara dushewa, amma fatar na nan da sauran saɓa.

"Tun yaushe?" ta ce.

Na faɗa mata, kaina a ƙasa.

"Shina wahala, kina ɓoyo don kar a ce mi? Kunya ga baki aka yin ta, ɗiyata, ba ga jikin yaro ba."

Wannan ya fi dariyar baƙin yi min ciwo, don gaskiya ce. Na fara hawaye. Ta lakato man kaɗanya ta ƙara masa a inda na tsallake, ta daɗe tana kallon geron nan. Can ta ce, a hankali kamar ba da ni take ba, "Kin zaci ke kinka gano wurin ga? Nan nika kawo uban nashi. Nan nika ce mai Habibu."

Habibu shi ne maigidana, shi ne ɗanta na fari, kuma tunda na shigo gidan ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta faɗe shi sau ɗaya, ta goge hannu a zaninta, ta miƙe ta tafi wajen baƙinta.

Daga ranar a tsakar gida ake shanya Mustafa, a cinyar Inna, kuma kafin mutanen Bilbis su sake zuwa fatarsa ta koma sumul. Ni dai na koyi abu biyu. Ciwon yaro ba a ɓoye shi don neman yabo. Waƙa kuma ban daina ba, sai dai yanzu in zan yi, fuskata nake juyawa wajen hanya, don in ga mai zuwa.