Ruwan Tafkin da Ban Haɗiye Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wani dillalin shanu ya kwance mini zani a kasuwa ba. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba, ni kuma sabon duba-gari ne a Jega, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro ta. Ga farar riga, ga biro uku a aljihu (biyu ba sa rubutu, amma wa ya sani?), ga babur ɗin ofis.

Aikinmu a lokacin shi ne yaƙi da kurkunu. Mu shiga ƙauye, mu raba ƙyallen tace ruwa, mu nuna yadda ake ɗaura shi a bakin tulu. Aka tura ni wani ƙauye tsakanin Aliero da Maiyama, inda ciwon ya kwantar da manoma har albasa ta bushe a gona. An riga an ja mini kunne cewa mutanen ba su yarda da maganar hukuma ba, don sau biyu ana auna musu wurin burtsatse ana tafiya. Ƙyallen da aka kai musu bara kuwa, tatar koko ake yi da shi.

Na ce a bar ni da su.

Maigari ya tara jama'a a ƙarƙashin tsamiya. Na yi jawabi har da haɗawa da Turanci, na ce bincike ya tabbatar, gwamnati ta tabbatar, rediyo ma ya faɗa. Sannan na sa aka ɗebo ruwan tafkinsu, na tace shi a idon kowa, na cika ƙwarya na ɗaga sama. Na ce wannan ruwa yanzu ko jariri ya sha babu kurkunu.

Maigari ya ce, “To, Likita, bisimilla.”

A nan gizo ke saƙa. Ƙyallen yana tare ƙwayar kurkunu, gaskiya ne, amma ba ya taɓa kalar ruwa. Na leƙa ƙwaryar nan na ga abu kamar kunun da aka tsinka. Kuma da idona na ga shanu tsaye a cikin tafkin nan ina shigowa, ba kuma sha kaɗai suke yi ba. Ni da na tashi a unguwar Firchin cikin garin Jega, mahaifiyata ba ta ba ni ruwa sai ya kwana a randa! Sai na yi dabara irin ta masu ilimi: na kafa kai, na rufe leɓe gam, na ɗan jima, na sauke ina cewa alhamdulillahi. Har da goge baki.

Jama'a suka fara gyaɗa kai. Na ce a raina, shi ke nan, na ci gari.

Sai wani dattijo da ke jingine da sanda ya yi gyaran murya. Malam Nomau sunansa, dillali ne a karar shanu ta kasuwar Jega.

“Likita, ka yi hanƙuri. Ba ka sha ba.”

Na ce, “Haba Baba, ai kowa ya gani.”

“Baki sunka duba, ni wuya nid duba. Shekara arba'in ina kallon shanu na shan ruwa, don san da ba shi da lahiya baki yaka tsomawa ya ɗaga. Kai zakaran wuyanka ko motsi bai yi ba.”

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Mata daga bayan darni suka tuntsire da dariya, maigari ya duƙar da kai yana gyaran rawanin da bai kwance ba. Shi kuwa dattijon bai yi dariya ba, abin da ya fi yi mini zafi ke nan. Ya ce, “Ɗiyana biyu na kwance da kurkunu. In ruwan ga bai kamace ka ba, mi as sa kac ce in ba jikokina?”

Turancin nan nawa duk ya gudu. Na ɗauki ƙwaryar, ya matso har ina jin numfashinsa, ya ƙura wa wuyana ido kamar zai yi mini kuɗi. Na shanye tas, ina jin ɗanɗanon laka da wani abin da har yau ban yarda na bincika ba.

Ya ce, “Yanzu ka sha. Ba ni ƙyalle ukku.”

Kafin la'asar babu ko ɗaya da ya rage a jakata. A ofis aka yaba mini, aka ce na iya wayar da kan jama'a. Ban gaya wa kowa kan wa aka wayar ba. Shekara guda cur na yi ina duba ƙafafuna kowace safiya, ni mai cewa bincike ya tabbatar. Ko ƙurji bai fito ba.

Daga ranar na koyi abu guda: in za ka kai wa mutanen ƙauye saƙon hukuma, ka fara haɗiye shi kai kanka tun daga gida, don a kowane taro akwai mai kallon wuya.