Sarkin Ɗanɗano da Rijiyar Izaak

Allah ya yi wa garinmu baiwa biyu: ganuwar da ta tare mana teku, da harshen Adriaan Koppejan. Ganuwar takan tsage a yi mata gyara. Harshen kuwa bai taɓa kuskure ba, a bakin mai shi muka ji.

Ruwan daɗin da ke ƙarƙashin gonakinmu ba shi da yawa. Kwance yake a kan ruwan gishiri kamar mai a kan miya. In ka ja a hankali ka sha daɗi. In ka ja da haɗama, zartsi ya biyo ka sama, ya ƙone maka albasa, ya leƙa rijiyar maƙwabcinka ma. Shi ya sa tun kakanni manoma suke da ƙungiya, ƙungiyar kuma tana da al'ada. Idan shugaba ya zo duba rijiyar mutum, sai matar gida ta dafa masa gahawa da ruwan rijiyar. In ya ji zartsi, a sa wa famfon kwaɗo, rijiya ta huta har hunturu, lokacin da ruwan sama ke sauka a ƙasarmu.

Shugabannin baya ba su san darajar kujerarsu ba. Kurɓa ɗaya suke yi, su ce "a dai kula," su ci biskit su hau kekensu. Kwaɗon ƙungiya ya yi tsatsa a jikin ƙusa. Adriaan ne, da ya zama shugaba, ya sauko da shi ya shafa masa mai. Ya sayo wa makullin sarƙa ya maƙala a falmaransa, daidai inda zai riƙa kaɗawa in yana tafiya. Ya bar cin kifin gishiri, ya bar taba, ya kuma sanar a taro cewa domin jama'a ya yi wannan sadaukarwa. A gida ya hana sa gishiri a dankali, ta haka matarsa Nella ita ma ta shiga sadaukarwar ba tare da an tambaye ta ba. A bayan idonsa Sarkin Ɗanɗano ake ce masa. Da labarin ya kai kunnensa, sai ya ce sunan bai yi laifi ba.

Daga lardi an aiko da na'urar auna gishiri. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ɗora ta a saman kabad.

"Na'ura ba ta da tsoron Allah," in ji shi. "Ni kuwa ina da shi."

Tsoron Allahn nan ne ya sa ya kafa doka cewa ranar Lahadi kowane famfo ya huta. Nasa famfon, wanda ya fi na kowa girma da zurfi, yana da agogo a jiki, shi ke tashin kansa. Adriaan bai taɓa taɓa shi ran Lahadi ba, kowa shaida ne, a sahun gaba yake zama a majami'a. Kashe shi kuwa aiki ne, aiki kuma bai halatta a ranar ba. In iska ta taso daga wajen gonarsa, tare muke jin wa'azi da gurnanin injin. Rijiyar shugaba ba a duba ta, don ba a sami wanda harshensa ya kai ba.

Lambatu ne kawai ya raba gonarsa da lambun tuffa na Izaak Wisse, sai katako ɗaya da aka gitta ana tsallakawa. Izaak ba mai yawan magana ba ne, amma wata rana a taro ya ɗaga hannu.

"Maƙwabci, injin nan naka, wace majami'a yake zuwa ne?"

Aka yi dariya. Har Dattijo Kobus, wanda ke riƙe da sha'anin majami'a kuma ba a san shi da dariya ba, sai da ya sunkuyar da kai ya gyara igiyar takalminsa.

Mako bai zagayo ba shugaba ya zo duba rijiyar Izaak. Ya kurɓi gahawa, ya rufe ido, ya daɗe.

"Akwai alama," in ji shi.

Kwaɗo ya hau famfon Izaak.

Bazarar ta zo da fari. Ganyen tuffa ya fara nannaɗewa, 'ya'yan suna zubewa tun suna kore. Izaak ya yi ta jigilar ruwa a tanki a bayan tarakta, amma lambu ba tukunyar fure ba ne. Ƙananan itatuwan da ya dasa da hannunsa suka fara bushewa daga sama. Manyan, waɗanda mahaifinsa ya bari, su ma sun fara sunkuyawa. Tsallaken lambatu kuwa albasar shugaba kore shar, ruwa na feshi a kanta safe da yamma. Matar Izaak, Tanna, ta cire kunya ta je ta roƙi shugaba.

"Ba na yanke hukunci a ƙofar gida, Tanna," in ji shi. "Za a sake dubawa, a gaban kwamiti, kowa ya gani da idonsa."

Ranar da aka sa, Tanna ta ɗauki bokiti ta nufi rijiya, ta tsaya tana kallon kwaɗo. Sai ta tsallaka katako zuwa gidan shugaba neman makulli. Nella ta tare ta a ƙofar kicin, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yana sama yana kurkure baki. Ya ce ko gobara ce kada a yi masa magana, harshe yana hutawa."

"To ni da me zan dafa gahawar, 'yar uwa? Ruwan rijiya aka ce."

Nella ta dubi famfon mijinta da ke ta aman ruwa.

"Ga rijiya nan," ta ce. "Ɗebi."

Kwamiti ya zauna a falon Tanna, huluna a kan gwiwa. Shugaba ya iso a ƙarshe, makulli na kaɗawa. Aka zuba wa kowa. Dattijo Kobus ya kurɓa, ya ajiye kofi a hankali, ya dubi silin. Adriaan ya ɗaga nasa ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki. Wannan karon bai ma rufe ido ba. Ya miƙe tsaye.

"'Yan uwa, kun ji abin da na ji? Wannan ba alama ba ce, teku ce aka zuba mana a kofi. Mutumin da ya mai da rijiyarsa haka bai ja ruwa ba, ya tatse ƙasa ne. Ya sha rabonsa, ya sha na maƙwabci, ya sha na jikokin da ba a haifa ba. Irin wannan mutum ko a sahun gaba yake zama a majami'a, ni ba zan ɗaga masa ƙafa ba. Rijiyar da wannan ruwa ya fito, a rufe ta bana, a rufe ta baɗi. Kobus, ka zama shaida."

"Na shaida," in ji Kobus.

Izaak ya sunkuyar da kai. Tanna na riƙe da farantin biskit.

"Shugaba, a yi mini afuwa," ta ce. "Makullin rijiyarmu yana jikin falmaranka. Ta ina zan ɗebo? Nella ce ta taimake ni da na rijiyarku."

Ta taga ana jin injin shugaba yana aikinsa.

Adriaan ya taɓa sarƙar. Ya buɗe baki ya ce wataƙila bokitin ne. Tanna ta ce bokitin madararta ne, ga shi can a kife, ana iya lasa. Ya ce wataƙila gahawar ce. Kobus ya ce irin wadda ake sha a majami'a ce, shi ya sayo wa gari.

"Hukunci dai mun ji shi daga bakin da ba ya kuskure," in ji Kobus. "Sai dai kwaɗon ƙungiya ɗaya ne."

Wani ɗan kwamiti ya ce ana iya sayo na biyu. Kobus ya tuna masa cewa shugaba da kansa ya hana, wai kwaɗo biyu raba iko ne.

Haka aka fita a jere. Adriaan ya cire kwaɗo daga famfon Izaak. Aka jawo ruwa, kowa ya tara hannu ya sha, garau. Shugaba ya ce wannan ya nuna amfanin hutun da ya ba rijiyar, kuma ba ya bukatar godiya. Sannan ya tsallaka katako da kwaɗo a hannu, kwamiti na biye, ya kashe injinsa ya datse.

"Da ma abin da nake so ku gani ke nan," ya ce. "Doka ba ta san shugaba ba."

Aka koma falo, domin a garinmu baƙo ba ya tashi a kan kofi ɗaya. Tanna ta ɗauko butar ɗazu ta cika masa har baki. Ya shanye.

Ƙananan itatuwan Izaak da yawa ba su tashi ba, amma na mahaifinsa sun rayu, mun gode Allah. Lahadin da ta biyo baya mun ji wa'azi daga farko har ƙarshe, babu gurnani. Adriaan na sahun gaba, makullin rijiyarsa na kaɗawa a ƙirji. A bakin ƙofa mata suka tsaya yi wa Nella jaje, wata ta ce ko ba komai yanzu ta huta da cin dankali lami.

"Wane lami?" in ji Nella, tana ɗaura ɗankwalinta. "Ai tun bara na koma sa gishiri. Har yau bai lura ba."