Filaskon da Na Jiƙa wa Sani

Da cikin ɗana Sani ya ɗaure, na jiƙa masa ganyen filasko, mai sa zawo. Uwarsa ta ce, "Malam, shekararsa biyu fa. A fara tambayar likita."

Na ce, "Da wannan aka rene mu." Don in kunyata ta, na shanye rabin kwanon, na ce sauran nasa ne in na dawo, na tada motata ta dakon siminti.

Daga Malbaza zuwa Konni babu gonar geron da ban ziyarta ba. Duk tsugunawa sai in tuna ɗan cikin Sani, in yi hamdala da bai sha ba.

Na dawo na tarar ta zubar da sauran, ta kai shi likita, yana wasansa.

Har yau in zan tashi, direbobi sai su ce, "Malam, ka ɗauki buta?"