Auren da Na Ɗaura a Injin Niƙa

Ina tsare wa Kawu injin niƙa a Tamaske lokacin da wani injiniya daga Keita ya ba ni labarin da ya ja mini. Wai a ordinatar, wato kwamfuta, in za a tsara aiki, sai a jera tsari iri-iri, a aurar da masu kyau su haifi sababbi, a zubar da raunana, har a samu wanda kowa zai iya zama da shi.

Aure kawai na ji. Ni da littattafan soyayya suka rena, zuciyata ta narke.

Kawu yana son a rage shan gazuwal, man injin, mata masu kawo niƙa suna son komawa gida kafin azahar. Ya ce in na daidaita su, injin ya zama a hannuna. Na ɗauki rabin tsarinsa na aura wa rabin nasu. Ɗan da suka haifa ya sa niƙan tonka, wato barkono, gaban na gero. Na gani sarai, amma ɗan fari ne, ban iya zubar da shi ba.

Da la'asar maƙwabciyarmu Inna Hajo ta iso da ƙwaryar hura tana hawaye.

"Ɗan nan, mi munka yi maka? Sha."

Hurar yaji zalla, amma Kawu ya tsaya har na shanye, sannan ya miƙo mini tsintsiya a maimakon injin.

Yau na yi furfura, amma matan unguwa ba su gaji ba: "Malam, yaushe za a haifi na biyu? Hwaɗa muna mu ɓoye geronmu."