Burukutu a Kwalbar Kamfani

Shekaruna ma ban san adadinsu ba balle in ce na manta, amma ranar bikin 'yata Ladi kam, ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta, mutanen Kafanchan ba su da irin wannan kirkin.

'Yan shekaru ne bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗi suka shigo hannun ma'aikata har masinja ya fara rataya rediyo a kafaɗa. Ni ban taɓa sayar da giya ba. Ina dafa burukutu ne saboda sha'awa, kamar yadda wata ke saƙa, wata ke kiwon agwagi. Ranar gayya in dafa, Kirsimeti in dafa, ranar da babu dalili ma in nemo dalili. Kuma ba yabon kai ba, hannuna ya yi suna. Da kaina nake jiƙa dawata, in shimfiɗa ta ta tsira, in shanya, in kai niƙa in tsaya a kan mai inji har ya gama. Idan kuma aka ba ni ta wata in ɗanɗana, kurɓa ɗaya nake yi in yanke hukunci. "Wannan ta sha ruwa." "Wannan an yi mata gaggawa." Maƙwabciyata Saratu, wadda ke sayarwa a bayan layin dogo, ta fi kowa shan bakina. Sau nawa na ce mata tata wankin tukunya ce (a gaban masu sayenta kuwa, Allah ya yafe mini).

To, Ladi ta kawo saurayi, Luka, malamin firamare a Gidan Waya. Yaro mai ladabi, ba ni da abin cewa a kansa, kuma ku yarda na nema. Matsalar ubansa ce. Akawu ne a tashar jirgin ƙasa, kowa Baba Akawu yake ce masa, mutumin da ko rana na narka kwalta sai ya shaƙe wuyansa da naktaye. Ranar da suka zo gaisuwa na fito da sabuwar ƙwarya, na cika ta da burukutun da na kwana uku ina yi wa hidima, na durƙusa na miƙa masa. Ya sunsuna. Ya sa yatsa ɗaya, ɗaya tak, ya tura ƙwaryar gefe.

"Madam, sori fa," in ji shi. "Cikina ya riga ya waye. Wannan na ƙauye ya daina karɓa, sai na kwalba."

Na ce, "To, Baba." Na ɗauke ƙwaryata. Amma a zuci na rantse sai wannan wayayyen cikin ya karɓi dawata, kuma sai bakin da ke samansa ya yaba mata a gaban jama'a.

Washegari na aiki mijina, Baban Ladi, ya sayo mini giyar kwalba guda ɗaya. Ban taɓa sa ta a baki ba. Na zuba a kofi na ɗaga ta a rana, na kurɓa, na juya ta a harshe. Jama'a, wai wannan ce ake yi wa naktaye! Ruwa ne tsararo, ga ɗaci, ga kumfa, sai iska mai hawa hanci. Abu uku ke nan: tsarki, ɗaci, kumfa. Na ce in dai wannan ne, Bature bai fi ni tukunya ba.

Tsarkin bai ba ni wuya ba. Na daka sandar kuɓewa na zuba yauƙinta ya kwantar da ƙasari, na tace sau uku da farin kallabina na zumuntar mata (shi ke nan kallabin bai ƙara zuwa coci ba). Ɗacin ne ya ja mu. Na fara da shuwaka. Baban Ladi, wanda shi ne mai ɗanɗanawa ko yana so ko ba ya so, ya kurɓa ya ce, "Mama Ladi, ina tuwon?" Na koma ɓawon maɗaci. Wannan karon na cika hannu, bawan Allah ya wuni yana zarya tsakanin gona da bayan gida, ya ce ko zazzaɓin baɗi ya warke. A karo na biyar na samo daidai, ɗan ɓawo kamar farcen babban yatsa a tukunya guda.

Sai kumfa. Duk tacewar nan ta kashe mata kuzari, ta kwanta lamo kamar shayin jiya. Ina ta saƙe-saƙe har na tuna giya tana son zaƙi kamar yaro. Na zuba a kwalbar nan da muka sha, na jefa ƙwayar sukari biyu, Baban Ladi ya mayar da marfin ya buga shi da guntun bututun ƙarfe har ya kama. Kwana ɗaya muka buɗe. Ta ce "tsss", kumfa ta taso fara sol ta tsaya a bakin kofi. Baban Ladi ya sha ya goge baki ya ce, "Kai! Wannan ko a otel." Ni kuwa na ji kaina ya taɓa rufin ɗaki.

Daga nan Shaiɗan ya karɓi ragamar. Na je kasuwa wurin mai sayar da kwalabe na zaɓo ashirin da huɗu iri ɗaya, masu takardarsu a jiki, har da katan biyu da marafai cikin gwangwani.

"Uwar Ladi, manja za a ɗura ko kananzir?" ya tambaye ni.

"Malam, sayar da kwalba aka sa ka ko binciken gida?"

Na jiƙa su a baho don su wanku sosai. Da na dawo sai na tarar takardun duk sun saki, suna yawo a kan ruwa kamar ganye. Ban damu ba. Na tsame su ɗaya-ɗaya, na shanya a kan faifai, na dama kokon rogo zan mayar. A nan ne na tsaya. Takardar nan zagayayya ce, da manyan baƙaƙe a gefe ɗaya, ƙanana a ɗaya gefen. Ni ban taɓa shiga aji ba, Baban Ladi ma haka. Ni da nake gane macen da ta ƙara ruwa a tukunya daga tafiyarta, ban taɓa tsayawa na kalli yadda takarda ke zama a jikin kwalba ba. Ladi ta iya karatu, amma in na tambaye ta asiri ya tonu, kuma kuka za ta sa mini. Sai na yi amfani da hankali. Manyan baƙaƙe ai su ne masu nauyi, mai nauyi kuwa a ƙasa yake zama. Wa ya taɓa ɗora tukunya a kan marfi? Na liƙa su duka ashirin da huɗu, manya a ƙasa, ƙanana a sama, tsaf, ba wadda ta karkace.

Hankalin nan dai bai ƙyale ni ba. Ya ce mini in ƙwayar sukari biyu ta yi kyau, huɗu za ta fi. Ya ce in kwana ɗaya ya ba da kumfa, kwana biyar zai ba da ta manya. Na bi shi.

Bayan Ista aka yi bikin, ana tsakar zafin bazara. Aka kafa rumfar ganyen kwakwa a tsakar gida, aka jera benci, aka ajiye babban tebur na manyan baƙi. Burukutu na gaskiya tulu uku na tura bayan ɗaki saboda sauran jama'a. Kwalabena kuwa tun kafin a tafi coci na fito da su daga cikin jiƙaƙƙen yashin da na binne su, na jera a kan tebur don duk mai wucewa ya san gidan nan ba na wasa ba ne. Inuwar rumfar ba ta kai wurin ba. Suka sha rana tun hantsi har azahar.

Aka dawo daga coci da ganguna da guɗa. Baba Akawu ya zauna a tsakiyar tebur cikin farar kwat da aka ɗinko masa daga Kaduna, fara har tana kashe ido. Ni ina tsaye jikin turken rumfa, hannu a ƙirji, na riga na shirya jawabina. Zan bari ya sha rabi, ya lumshe ido, ya yaba. Sannan in tako gaba in ce, "Baba, ashe cikin ya dawo ƙauye?"

Ya ja kwalba ɗaya. Ya dube ta. Ya gyara tabarau. Ya karkata kai kamar kaza ta ga shaho. Sai kawai na ga ya juya kwalbar, gindi a sama, baki a ƙasa, yana karantawa. Na ga ɗan abin da ya kwanta a gindinta ya tashi yana murɗawa kamar hayaƙi. Ya mayar da ita daidai, ya sake kifawa. Ya miƙa wa na kusa da shi, wani hedimasta, shi ma ya kifa ya karanta ya dawo masa da ita. Ya ɗauki ta biyu, ya kifa. Ta uku, ya kifa.

"Madam," ya kira ni, "a ina an saya wannan?"

"A inda ake sayarwa, Baba."

"Hmm. Kampani sun fara wasa da aiki. Zan rubuta masu leta."

Ya ɗan girgiza ta kusa da kunnensa, wai yana saurare. Sannan ya zaro mabuɗi daga aljihu (mutumin da ke yawo da mabuɗin kwalba a aljihun kwat, ku auna), ya sa a marfin.

Ƙarar da ta yi, har yau in jirgi ya yi fito sai na tuna. Marfin ya huda rumfa ya wuce. Giyar ta fito a tsaye kamar an fasa bututun ruwan tasha, ta daki haɓarsa, ta shiga hancinsa, ta cire tabarau, ta sauko kan farar kwat. Tsarkin da na sha wahalar tacewa duk ya tafi, ja-ja ta fito, kalar dawar da ta haife ta. Ya sa babban yatsa zai toshe, sai ta rabu biyu, rabi ga hedimasta, rabi ga uwar ango.

Kafin a ce me, ta biyun da ya kifa ta fashe da kanta a kan tebur. Ƙanin mijina, wanda ya yi soja ya dawo da kunne ɗaya, ya daka tsawa, "Kowa ya kwanta! Kowa ya kwanta!" Ya faɗa ƙarƙashin tebur, ya ture ƙafarsa, tebur ya tuntsure, sauran kwalabe suka zube suka shiga amsa wa juna. Mata suka kwashi yara, masu ganga suka bar ganga, wani dattijo da aka kawo shi a goye sai ga shi a bakin ƙofa kafin kowa.

Da ƙarar ta lafa sai wari ya tashi. Ba wari ba, ƙamshi, kuma shi ne ya kashe ni, don babu hancin da bai san tukunyata ba a unguwar nan. Can daga bayan benci na ji muryar Saratu, a sake, kamar mai ba da amsa a coci.

"Ah-ah! Wannan ai hannun Mama Ladi ne. Kuma bai sha ruwa ba, mu ne mun sha."

Baba Akawu ya lalubo tabarau. Takarda ɗaya ta manne masa a ƙirji, ya ɓare ta, ya murza kokon rogon da ke bayanta tsakanin yatsunsa, ya sunsuna.

"Madam, wane kampani ne wannan, da yana sa takarda ƙafa a sama?"

Sai Baban Ladi, mijina na shekara ashirin da biyar, wanda ko a taron dangi ba a jin muryarsa, ya ɗaga hannu kamar an kira shi shaida.

"Ni dai marfi kawai na buga. Ga manaja nan a tsaye."

Dariyar da aka yi, har wanda ke ƙarƙashin tebur. Ni da ko ɗan sanda ba ya iya haɗa ido da ni, ranar na ƙirga yatsun ƙafata na sake ƙirgawa. Na sulale madafa na zauna a kan turmi. Ladi ta biyo ni da kayan amarcinta, tana kuka tana dariya, ta ce, "Mama, da kin tambaye ni mana!" Na ce ta fita kar toka ta ɓata mata riga.

Allah ya sa ba wanda ya ji ciwo sai kwat. Aka ara wa Baba Akawu rigar Baban Ladi, wadda ta tsaya masa a cibiya, ya zauna da naktayensa a kai yana shan ruwan randa. Ko kurɓa ɗaya ta dawata bai yi ba. Tulu ukun da na raina na tura bayan ɗaki su suka riƙe bikin har aka watse. Tun daga ranar kuma sunana ya koma Manaja, har jikokina sun ɗauka sunan baftisma ne.

Bayan mako biyu Saratu ta shigo aron rariya, ta same ni ina tsince sauran fasassun kwalabe a gindin katanga. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Manaja, da kin zo wurina da ba ki sha wannan wahala ba. Surukin naki ai kwastoma na ne. In wata ya yi nisa, ta ƙofar baya yana shigowa, ya cire naktaye ya sa a aljihu, ƙwarya biyu yana sha."

Wankin tukunyar Saratu! Shi wayayyen cikin ke karɓa, ni ina can ina fama da ɓawon maɗaci.

Ban ƙara ɗura komai a kwalba ba sai man gyaɗa. Ga duk mai son ya sa wa ɗansa rigar ɗan wani don a ce ɗan birni ne, ba zan hana shi ba, ni ma na yi. Amma ya fara tambayar masu rigar ina ne wuya, ina ne gindi.