Ƙorafi a Kan 'Yar Ƙwayar da Ta Fi Ni Gaskiya

Zuwa ga Mai Girma Babban Daraktan Zane na kamfanin da ke ƙera 'yar ƙwayar nan mai ƙafa goma sha shida, wadda ke gadin akwatin wutar kwamfuta. Ma'abucin hikima da ofis mai sanyi, wanda har yau ba a sallama daga aiki ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ko da yake ina zaton na riƙe ƙarfen dalma tun kafin a yaye ka, ina neman izinin gabatar da kukana a kan 'yarku, wato ƙwayar nan. Na zaɓi wannan mujalla ta tsofaffin ma'aikatan lantarki ne domin na tabbata ba mai buɗe ta sai mu da aka sallama, don haka asirina a rufe yake.

Sunana Tu Wen-chin, shekarata sittin da bakwai, mazaunin garin Chungli. Digirina biyu. Shekara ashirin da shida na yi ina zana akwatunan wuta a wata masana'anta, har ranar da ta tattara injinanta ta ƙetare teku, ta bar mini agogon bango da takardar yabo. Abin da ya saura mini shi ne suna. A layinmu ba mai kirana Tu. Mai madarar waken suya "Injiniya" take ce mini, ɗan acaɓan da ke kawo mana tukunyar gas ma haka, har likitan da ke duba mini gwiwa. Wannan suna ne nake shirin rasawa ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe, kuma 'yarku ce sila.

Ga yadda aka yi. Ɗakin bautar unguwarmu yana da kwamfuta ɗaya. A cikinta sakatariyar kwamiti, Goggo Pan, mai shekara saba'in da huɗu, ta yi shekara goma sha ɗaya tana shigar da sunayen mutanen da ake kunna wa fitilar sabuwar shekara. Da yatsa ɗaya take bugawa. Suna dubu biyu da ɗari uku ne, kowanne da rana da sa'ar haihuwarsa. Ana saura mako uku a kunna fitilu, kwamfutar ta fara mutuwa da kanta. Aka ce a kira Injiniya. Na je da jakata da rigata mai aljihun biro.

Ƙorafina na ɗaya, ranka ya daɗe, 'yarku ba ta da ladabin bayani. Na san aikinta, ba sai an karanta mini ba. Tana zaune tana kallon wutar volt goma sha biyu, da ta biyar, da ta uku da 'yan kai. In ɗaya ta haura iyaka ko ta faɗi ƙasa, sai ta datse komai ta yi gum, ba ta sake buɗewa sai an zare waya daga bango an mayar. To amma wane irin mai gadi ne zai garƙame gida da mutane a ciki, a tambaye shi me ya gani, ya ƙi magana? Da ta kunna ko 'yar fitila ce ta nuna layin da ya ɓata mata rai, da yanzu ina gida ina shayar da furannin baranda cikin mutuncina.

Na biyu, ta cika sauri. Na ɗora mitata ta auna wuta, wadda muke tare tun kafin a haifi ɗiyata, na yi minti ashirin ina kallo. Goma sha biyu da ɗigo ɗaya, ba ta motsa ba. Duk da haka 'yarku ta sake datsewa. Ashe abin da take gani yana zuwa ya wuce kafin allurar mitata ta gama miƙa. Shin adalci ne a haɗa mutum mai tabarau biyu gasa da abin da ba ya ƙifta ido? Na yanke hukuncin cewa ta tsufa, tsoro ya shige ta, tana firgita da inuwa. Na faɗa wa Goggo Pan haka da muryar da nake amfani da ita a taron manajoji. Ainihin ciwon kuwa dalma ce ta tsage a ƙarƙashin wani ɗan ƙarfe da ke gaya wa akwatin iya wutar da zai bayar. In ya yi ɗumi sai tsagar ta buɗe, wuta ta yi tsalle. Daga baya na gano wannan cikin minti biyar, da gilashin ƙara girma da ya wuni a aljihuna.

Na uku, kuma a nan nake ganin laifinku ya fi fitowa fili. A shafi na huɗu na takardar bayaninku kun nuna ƙafar da take amfani da ita wajen datse wuta. Kun zana ta, kun ba ta lamba. Don me za ku bar irin wannan ƙafa a sarari, inda tsoho mai digiri biyu da ba shi da abin yi zai iya kai hannu? Na yanko waya da ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu tsawo ba, na ɗaure wannan ƙafa da layin da muke kira ƙasa, na rufe wa 'yarku baki. Kwamfuta ta tashi, ta zauna daram. Goggo Pan ta kawo mini shayi da hannu biyu, tana ce wa matan da ke naɗe takardun da ake ƙonawa wajen ibada: "Kun gani ko? Shi ya sa nake ce wa jikokina su yi karatu." Minti arba'in na yi ina shan wannan shayi. Ba na jin na taɓa jin daɗin minti arba'in irinsu tun da aka rufe masana'anta. Sai fanka ta yi wani kuka, wari ya tashi, ba na turare ba. Faifan ajiya, mai ɗauke da sunayen duka, ya ƙone. 'Yar sandar ajiyar da ni da kaina na ba su shawarar saye don irin wannan rana ita ma ta ƙone, domin tana soke a jikin kwamfutar. Ni na ce kada a riƙa cire ta, wai yawan cirewa yana cinye mata baki.

Na huɗu ba laifinku ba ne, amma ba ni da wani wurin kai shi. Ni da kai mun san koriyar ledar gurgurun nan mai ɗanɗanon kwakwa da ake ɗorawa a kan inji don ya yi biyayya, wai muddin ba a farke an ci ba. Kada ka ce mini babu shi a ɗakin gwajinku. Na taɓa ganinsa a kan injin da ya fi gidana tsada. Shekara talatin ina yi wa wannan al'ada dariya. Goggo Pan tana da nata a kan kwamfutar, kore, kwanan watansa bai wuce ba, ta rubuta sunan injin a jiki. Ranar ina cikin aiki, yunwa ta taɓa ni, kuma ina so matan nan su ga yadda ilimi yake, sai na farke shi na cinye a gabansu.

To kwamiti ya zauna ya gano musabbabin gobara. Shugabanmu, Baffa Kuo, ya dafa kafaɗata ya ce: "Injiniya, a fannin gyara ba mai ja da kai, ka yi duk abin da boko zai iya. Amma kai ma, da girmanka, ka rasa abin ci sai na inji?" Goggo Pan, wadda aikinta na shekara goma sha ɗaya ya tashi a hayaƙi, ita ce ma ke ba ni haƙuri: "Ƙanena, laifina ne. Na ga ka zo ba ka karya ba, da na sayo maka burodi." Sun yafe mini, ranka ya daɗe. An yafe mini laifin da na raina, an bar mini sunana cif. Har sun ce ranar Lahadi za su damƙa mini aikin sake wayoyin hasumiyar da ake jera fitilun a jikinta baki ɗaya, ƙwan fitila dubu biyu da ɗari uku, a cikin gini mai rufin katako.

Yanzu kullum da safe ina bin gida gida da littafi, ina sake karɓar sunaye. Na kai ɗari shida da ɗoriya. Wasu sun tashi daga unguwar, wata tsohuwa kuma ta manta sa'ar da aka haifi jikanta, ta riƙe hannuna tana tambaya ko fitilarsa za ta kama ba tare da ita ba. Kusan kowane gida in zan fita sai an miƙo mini koriyar leda ana murmushi, wai in riƙe a aljihu kada in sake taɓa na inji. Ina karɓa ina godiya.

Na biyar, 'yarku ba ta mutu ba. Komai na cikin akwatin ya soye, ban da ita. Na ciro ta na kai gida na gwada, ina fatan in same ta da ko ɗan aibi. Lafiyarta ƙalau. Na ɗaga mata wuta, ta datse daidai inda kuka rubuta za ta datse, sau talatin a jere. Kuma dala nawa ce? Ba ta kai kuɗin ƙwai ɗaya dafaffe a shayi ba. A zamaninmu aikin da take yi sai da allo guda mai kaya arba'in, da mu shida a ofis, da taro duk ranar Talata. Ku kuka haɗiye mu shidan a cikin abin da bai kai farce ba. Na haƙura da wannan tuntuni. Abin da ban shirya masa ba shi ne ta fi ni gaskiya a gaban jama'a.

Ina cikin wannan gwaji ne matata Shu-chiao ta shigo da kwandon wanki. Ita ba ta wuce aji tara ba, amma shekara ashirin da biyu ta yi a layin duba kaya na masana'antarmu, tana mayar da duk akwatin da bai yi mata ba, har da waɗanda na zana. Ta ɗaga ƙonannen allon akwatin wutar, ta karkata shi wajen taga, ba ta ko nemi tabarau ba. Ta ce: "Tsoho, wannan ɗinkin naka ne. Dalmarka kullum da ɗan ƙaho take ƙarewa, tun muna samari nake goge maka shi." Na fara yi mata bayanin yadda wuta ke tafiya. Ta ce: "Ajiye wannan bayanin ka kai wa mai madara. Goggo Pan tana can tana zargin kanta a kan burodi. Ko ka faɗa musu ranar Lahadi kafin su ba ka hasumiya, ko in tashi in faɗa, kuma ka san ni ba na iya taƙaitawa."

Saboda haka ga roƙona, cikin ƙanƙan da kai. Ku aiko mini da takarda mai jan hatiminku, layi biyu kawai, cewa a cikin kowace dubu ɗari ta 'ya'yanku akan sami ɗaya mai firgita ba dalili. Ba sai kun ce wannan ce ba. Ni ma na san ba ita ba ce. So nake in sami abin riƙewa a hannun hagu yayin da nake ajiye 'yarku a kan teburin kwamiti da na dama, don in na ce musu ita ce ta yi daidai ni na rufe mata baki, in iya ƙarawa da cewa irin kuskurena yana da dangi a duniya. In takardar ba ta iso ba zuwa Asabar, zan je haka nan. Shu-chiao ta riga ta goge mini riga, ta kuma ce a layin gaba za ta zauna.

Ina roƙon ka miƙa gaisuwata ga duk wanda ya zana 'yarku. Ya iya aiki, ban ji daɗin hakan ba.

Naka mai matuƙar biyayya, irin wadda ta zo a makare,

Tu Wen-chin
Injiniya, har zuwa ranar Lahadi
Chungli