Rasuwar Baba Sanyi, Firijin Irin Shuka na Hajiya Furera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Hajiya Furera Sunusi ta Agege, tsohuwar ma'aikaciyar binciken irin shuka, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta na kirki da ma sauran maƙwabtan, rasuwar firijinta mai aiki da kananzir, wanda unguwa ta fi sani da Baba Sanyi. Ya rasu a tsaye kamar yadda ya rayu, sai dai a ɗan karkace, kuma wannan karkacewa ita ce ajalinsa.

An haifi marigayin a ƙasar Turawa, a zamanin da ake ƙera abu don ya ga jikokin mai shi. Ya fara aiki a ɗakin ajiyar iri na wata cibiyar binciken noma a Arewa, kuma a can suka haɗu da Furera, lokacin tana budurwa, ta fito daga jami'a da takardar shaida da baki mai kaifi. Aikinta shi ne bin ƙauyuka tana zama a kan tabarmar tsofaffi, tana shan furarsu, tana lallaɓa su har su kwance bakin zane su ba ta cikin tafin hannu na irin da suka gada. Ta shanya, ta zuba a kwalba, ta miƙa wa Baba Sanyi amana. Bai taɓa cin amanar ba.

Da cibiyar ta samu sababbin firiji masu lantarki, sai manya suka ce zamaninsa ya wuce, aka tura shi bayan sito tare da karyayyun kujeru. Furera ta ɗauke shi a gwanjo, da shi da ragowar irin da aka ce ba shi da amfani tunda ingantacce ya zo. Ya iso Legas a saman motar albasa ta mijinta, marigayi Alhaji Sunusi, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da bargo kamar mai jego. Iyalai na so a sani cewa waɗancan masu lantarkin da aka kore shi dominsu duk sun riga shi tafiya tun tuni, kuma ba wanda ya rubuta musu ko layi ɗaya.

Marigayin mai haƙuri ne, mai ƙarancin magana. A garin da kowane gida ke da janareta mai ihu, shi abin da ake ji daga gare shi bai wuce "kululu, kululu" ba, kamar cikin dattijon da ya sha kunun tsamiya. In lagwaninsa ya gajarce, sai ya ce "fuf" sau ɗaya, ya yi shiru, ya jira. A kawo wuta ko a ɗauke, bai taɓa tambaya ba. Bai taɓa ɗaukar zoɓo ba, bai taɓa ɗaukar ƙanƙarar sayarwa ba, ko naman layya bai taɓa kwana a cikinsa ba, duk da magiyar maƙwabta. Buƙatarsa biyu ce a duniya: kananzir mai tsabta, da a bar shi ya tsaya daidai, don irinsu in suka karkata wuta na ci, ruwan da ke zagaya jikinsu sai ya toshe. Shi ya sa kullum akwai farantin ruwa a kansa, don ruwan ya nuna ko ya karkata. Kowace safiya Hajiya Furera takan duba farantin kafin ta duba madubi.

Ya rasu ya bar marayu da yawa, kowanne a kwalbarsa. Akwai farin wake mai ƙaramin ido daga ƙasar Daura, da maiwa, da acca, da gurjiya baƙa wadda yaran yanzu ba su ma san ana ci ba. Akwai kuɓewa mai ja, da kalwar ɗorawa, da 'ya'yan gawo. Sai autansu, wani ɗan barkono mai ƙamshi da ake kira Ɗan Uwa, domin daga hannun wata tsohuwa mai suna Uwa aka karɓe shi. Ƙauyen Uwa yanzu irin leda suke shukawa, wanda sai an sake saye kowace shekara, kamar haya. Iyakar sanin Hajiya Furera, in Ɗan Uwa ya mutu a kwalbar nan, to ya mutu a ko'ina. Shekara da shekaru tana sabunta shi a buhunan ƙasa a bayan ɗaki, tana tsince 'ya'yan kafin wani ya gani.

Ba a so a ambaci kowa a sanarwar rasuwa ban da mamaci da iyalansa, amma labarin jinya ba zai fahimtu ba sai an ambaci Hajiya Ummukulsum, mai gidan da ke fuskantar na Hajiya Furera, shugabar mata masu sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Tare suka yi makarantar kwana. Ana iya tambayar duk wadda ta rage a ajinsu wace ce ke zama gaba, wace ce kuma ke leƙen takardar ta gaba. A bara wasu masu bincike suka zo daga wata ƙungiya, 'yan ƙasa da Turawa, da huluna masu faɗi da robobin ruwa a hannu, suna neman macen da ta san darajar amfanin gona. Suka wuce ƙofar Furera, suka shiga gidan Ummukulsum. Daga baya suka aiko a kira Furera, ta sa mayafinta na fita kunya, ta je, ashe tafinta suke nema. Ta zauna tana juya wa Bature maganar Ummukulsum, wadda har yau ta ɗauka gurjiya da gyaɗa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Sakamakon wannan bincike mai zurfi shi ne aka ba Ummukulsum wani firiji fari sol, mai aiki da hasken rana, mai fitila a goshi, mai kukan "tit, tit, tit" in an bar ƙofarsa a buɗe, kamar jaririn da aka shagwaɓa. Hajiya Furera ba ta da abin cewa a kansa. Ta dai lura cewa an kawo shi ne don rage asarar tumatir, kuma zoɓo da kunun aya ne suka cika shi.

Ranar da aka yi bikin buɗe wannan firiji, a wani ɗakin taro a Iyana Ipaja, ita ce ranar da ciwon ajali ya kama Baba Sanyi. Hajiya Furera ta je don kada a ce ba ta je ba. Aka ajiye ta a layi na uku, bayan masu hoto. Aka yi jawabi, aka yi jawabin godiya ga mai jawabi, aka kira Ummukulsum uwar manoma, ita da rabonta da fartanya tun tana goye. Ana cikin haka sama ta ɓalle da ruwan farkon damina irin na Legas. Kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shiga gidajen layin. Ɗahiru, shugaban 'yan dakon da ke haya a ɗakunan gaba, ya ga ruwa na lasar ƙafafun marigayin. Mutum ne da bai taɓa ganin kaya mai nauyi ya bar shi a inda yake ba. Ya kira mutanensa, suka ce bismillah, suka ɗaga Baba Sanyi cak, suka ɗora shi a kan bulo, biyu ta dama, ɗaya da guntun katako ta hagu. Farantin kansa kuwa suka zubar da ruwan, suka wanke, suka kife, don a ganinsu mantuwa aka yi. Wutarsa ma ba su bari ta mutu ba. Har kananzir suka ƙara masa.

Hanya ta yanke, motocin danfo ba sa motsi, sai washegari Hajiya Furera ta iso gida. Ɗahiru ya tare ta a ƙofa yana murmushi. "Mama, mun ceto miki tsohon! Ko ɗigo bai taɓa shi ba." Ta shiga ta same shi a jingine kamar mai ciwon ƙugu, wuta na ci shuɗiya, cikinsa ɗumi kamar aljihu. Ba "kululu", ba komai. Iyalai ba su riƙe Ɗahiru da komai ba, alheri ya yi niyya. Iyalai dai na tunatarwa cewa da an taƙaita jawabai, da an dawo gida kafin ruwa.

An yi jinya iya gwargwado. Aka kira Oga Rasaki, wanda shi kaɗai ya rage a Agege da ya taɓa gyara irinsu. Ya sa aka kifa marigayin, kai ƙasa ƙafa sama, yadda ake yi musu ko toshiyar za ta saki. Aka miƙar da shi, aka kunna, aka kasa kunne. Aka sake kifawa. A ƙarshe Oga Rasaki ya cire hularsa ya ce, "Alhaja, pele, sannu. Wannan baba ya tafi."

Tun daga ranar ake karɓar gaisuwa, kuma tun daga ranar marayu ke cikin haɗari. Iskar Legas ruwa ce da ba a gani. Iri in ya fito daga sanyi ya shaƙe ta, fumfuna da ƙwari ba sa jiran a gama zaman makoki. Hajiya Furera ta gwada kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma, sun tsiro, suna da rai. Amma ba za su kai wata daminar a kan tebur ba.

Cikin masu gaisuwa har da Hajiya Ummukulsum, da leshi mai walƙiya da jarkar zoɓo mai sanyi ƙarara, don a san daga inda ya fito. Ta zauna ta ce, "Ayya, ƙawata, ya haƙuri? Ai ya yi ƙoƙari, sa'anninsa duk suna gidan tarihi. Ki kawo 'yan kwalaben nan wurina riƙo mana, akwai wuri a ƙasa, ƙarƙashin kunun aya. Dama Baturena yana ta tambayar tsohon iri, ya ce za su sa a littafinsu da sunan ƙungiyarmu. Musamman ɗan barkonon nan da kike hana ni."

"Baturenki," in ji Hajiya Furera. "Allah ya bar ku tare."

"Amin. Kin san ni ba ni da riƙo."

"Na sani. Ko karatu ba ki riƙe ba."

Suka yi dariya su biyu, irin dariyar da ke sa 'yan gaisuwa duban ƙasa.

Hajiya Furera ta yi nazari a matsayinta na masaniya. Abin da aka koya mata, kuma ta koya wa wasu, shi ne iri ba shi da mafaka sai sanyi. To amma an kuma koya mata cewa Baba Sanyi ya gama aiki tun tana da baƙin gashi, an koya mata cewa irin leda zai kori yunwa. Ta ga yadda waɗannan suka ƙare. Sanyi ba ya haihuwa, jinkirta mutuwa kawai yake yi. Ta leƙa tsakar gida ta ga su Ɗahiru suna ɗaure kaya, rediyo da atamfar tsaraba da takalman yara, domin hadari ya fara haɗuwa a Arewa, 'yan ci-rani za su koma gona. Mutum nawa, gari nawa, gona nawa! Saboda haka ta yanke hukunci, kuma duk wanda ya ce don kada sunan wata ya hau littafi ne, to bai karanta kimiyya ba.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a yi masa salla ba, liman ya riga ya yi wa Hajiya bayani, ta kuma gamsu. 'Yan jari-bola da ke ta zagaye ƙofa da kura tun da suka ji labari, su yi haƙuri su wuce, gawar ba ta sayarwa ba ce. Ranar Asabar da hantsi, Ɗahiru da mutanensa, waɗanda suka ɗaga shi da rai, su za su ɗauke shi a mace. Za a kwantar da shi rigingine a ƙofar gida, a cire murfin, a huda bayansa don ruwa ya riƙa fita. Ba za a saka shi a ƙasa ba, ƙasa za a saka a cikinsa, da takin awaki mai kyau. A nan za a shuka Ɗan Uwa, daidai saitin tagar benen da ke fuskantar gidan, don mai tagar ta riƙa ganin yana ja kowace safiya. Farantin za a mayar masa a gefen kai.

Bayan haka za a yi sadaka. Ba waina, ba shinkafa, kada a zo da kwano. Marayun za a raba, ƙulli-ƙulli, ga duk mai komawa gida noma, daga Mile 12 ko daga ko'ina. Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, a shuka, kada a dafa, kuma in Allah ya kai mu rani a dawo da cikin tafin hannu. Na biyu, duk wanda ya tambaya, ko maƙwabcin gona ne ko mai hula mai faɗi da robar ruwa, a ce masa irin Furera ne, daga hannun Uwa da sauran tsofaffi. Ɗahiru ya riga ya haddace, zai kuma yi wa kowa bita kafin a miƙa masa ƙulli.

Hajiya Ummukulsum, kasancewarta uwar manoma, ana gayyatarta da babbar murya. In tana son Ɗan Uwa, ta faɗi sunan garin da gonarta take, ta shiga layi bayan 'yan dako, ta maimaita sharaɗi na biyu da ƙarfi yadda kowa zai ji. Kwalaben kuwa, in an juye su, an yafe mata su duka. Suna da kyau da zoɓo.

Allah ya raya abin da ya bari, ya ba mu damina mai albarka.

Sanarwa daga Hajiya Furera Sunusi, a madadin marayu.